Wace antibodi zan saya don auna DNMT1, DNMT3A da DNMT3B a sel ɗin cutar kansa?

Tambaya: Malam, ina aikin digiri na biyu a kan kansar hanji. Ina so in nuna cewa inzayim ɗin da ke ɗora metil (wata ƙaramar alamar sinadari) a kan DNA, wato DNMT1, DNMT3A da DNMT3B, sun fi yawa a ƙari fiye da a lafiyayyen nama, kuma su ne ke rufe ƙwayoyin gadon da ke hana kansa. Na duba kundin kamfanoni na ga antibodi barkatai ga kowane ɗaya. Ta DNMT3B da na fara gwadawa ta ba ni layuka uku a westan bulot (gwajin da ke raba furotin bisa nauyi a jel, kowanne ya fito a matsayin layi), ta DNMT3A kuma ta ba ni layi sama da nauyin da aka rubuta. Wacce zan saya, kuma ta yaya zan san abin da nake gani gaskiya ne?

Amsa: Ƙanwata, kada ki yi gaggawar zubar da waɗannan antibodi biyu, domin mai yiwuwa ne duk abin da suka nuna miki daidai ne. Haka kuma mai yiwuwa ne duk ƙarya suka shirga miki. Daga hoton bulot kaɗai babu mai iya raba miki gardama, ko da kuwa ya shekara talatin a ɗakin gwaji. Shi ya sa ba zan ba ki sunan kamfani ko lambar kwalba ba. Abin da ya kamata ki fara nema ba antibodi ba ce, ƙwayoyin sel ne da kika tabbatar babu furotin ɗin a cikinsu. In kin same su, kowace antibodi da kika ɗora a kai za ta bayyana halinta cikin kwana biyu.

Antibodi, wadda ake gano furotin da ita ta hanyar manne masa, ba ta san furotin baki ɗayansa ba. Ɗan guntu take kamawa, sau da yawa amino asid biyar zuwa goma sha biyar, wanda ake kira efitof, wato wurin kamu. Kamar mutumin da ya san baƙo da hularsa kawai take: in baƙon ya tuɓe hular sai ta ce bai zo ba, in wani ya sa irinta sai ta gaishe shi da sunan baƙon. Wannan ba zance ne na tsoratarwa ba, ya taɓa faruwa a cikin wannan fagen da kike ciki, kuma a kan sel ɗin kansar hanji da wataƙila yanzu haka suna cikin injin ɗumama naki.

A shekarar 2000 aka wallafa cewa an cire ƙwayar gadon DNMT1 daga sel ɗin HCT116 na kansar hanjin mutum, kuma abin mamaki sel ɗin suka rayu, metil ɗin DNA ɗinsu bai ragu ba sai da kusan kashi 20 cikin 100. Wannan ya girgiza masana, domin tun 1992 Li da Bestor da Jaenisch suka nuna cewa ɓeran da aka cire wa wannan ƙwayar gado yana mutuwa tun yana ciki. Shekaru aka yi ana gina bayani a kan cewa sel ɗin kansar mutum ba su dogara da DNMT1 ba. Sai a 2006 da 2007 rukunin masu bincike biyu suka gano cewa ba a cire shi gaba ɗaya ba. Sel ɗin sun tsallake ɓangaren da aka yanke, wanda ke kusa da farkon furotin ɗin, suka ci gaba da haɗa gajeren DNMT1 mai ɗauke da sashen da ke aikin ɗora metil, ko da yake kaɗan ne. Antibodin da wurin kamunta yake cikin yankin da aka yanke ba za ta taɓa ganinsa ba, wadda ke kama ƙarshen furotin ɗin kuwa tana gani. Da aka zo aka kashe DNMT1 kisa na gaskiya a HCT116 a 2007, sel ɗin mutuwa suka yi. Duk ranar da kika ɗauki takardar bayanin antibodi, layin farko da idonki zai nema shi ne wanda ya faɗi wane yanki na furotin aka yi amfani da shi wajen haɗa ta. Kamfanin da ya ƙi faɗa miki ko da kusan yankin ne, ni dai ba na saya a wurinsa don irin wannan aiki.

DNMT1 shi ne mai sauƙin sha'ani cikin ukun. Timothy Bestor ne ya fara ware ƙwayar gadonsa daga ɓera a 1988. Na mutum yana da amino asid 1616, nauyinsa a lissafi wajen kilodalton (ma'aunin nauyin furotin) 183, a jel kuma yakan fito tsakanin 180 da 200. Aikinsa kwafi ne: idan sel ya ninka DNA ɗinsa, sabon zaren yana fitowa babu metil, sai furotin UHRF1 ya gane wuraren da metil ke gefe ɗaya kawai ya jawo DNMT1 ya cike gurbin. Yana da yawa a sel masu rarrabuwa, saboda haka samun layinsa ba wuya. Matsalarsa ita ce saurin gutsurewa. In kika ga tsani na ƙananan layuka a ƙasan babban layin, ki fara zargin yadda kika fasa sel ɗin kafin ki zargi antibodi.

DNMT3A kuwa, layin da kika gani sama da nauyin da aka rubuta shi ne abin da ake sa ran gani. Doguwar sigarsa, DNMT3A1, tana da amino asid 912, lissafi ya ba ta kilodalton 102, amma a jel wajen 130 take tsayawa. Duk wanda ya saba da furotin ɗin ya san haka. Abin da ya kamata ya dame ki wani ne daban. Akwai gajeriyar siga, DNMT3A2, wadda aka bayyana a 2002, ana karanto ta daga wata furomota (wurin da ake fara karanta ƙwayar gado) dabam da ke cikin ƙwayar gadon, kuma ba ta da amino asid 223 na farko. Ita a jel kusa da 100 take fitowa. Ita ce ta fi yawa a sel ɗin tushe na ɗan tayi da sel ɗin kansar da suka yi kama da su, doguwar kuma ta fi yawa a naman da ya gama girma. Antibodin da aka haɗa a kan farkon furotin ɗin ba ta ganin DNMT3A2 kwata-kwata. To sai ki ce bari in sayi mai kama ƙarshe don ta ga duka biyun. Nan kuma wani tarkon yake. Sashen ƙarshe, inda ake ɗora metil ɗin, shi ne inda DNMT3A da DNMT3B suka fi kama da juna, kusan kashi 80 cikin 100 na amino asid ɗinsu iri ɗaya ne a can, alhali a farko sun sha bamban. Ga shi kuma DNMT3B shi ma kusa da 100 yake fitowa. Ke nan layi guda a wajen 100 da antibodin DNMT3A mai kama ƙarshe ta ba ki zai iya zama DNMT3A2, zai iya zama DNMT3B ne ta cafko bisa kuskure, kuma nauyi ba zai raba miki su ba.

Layukanki uku na DNMT3B su ma suna da inda za su iya fitowa na halal. Wannan ƙwayar gado tana da sigogi fiye da talatin da aka ba da rahotonsu, saboda yadda sel ke yanka saƙon RNA yana haɗawa ta hanyoyi daban-daban. Cikakkiyar, DNMT3B1, amino asid 853 gare ta. DNMT3B2 tana da 833. DNMT3B3 tana da 770, ta rasa wani yanki na sashen aiki, don haka ita kanta ba ta iya ɗora metil. Abin lura a nan shi ne wannan marar aikin ita ce ta fi yawa a yawancin naman babban mutum da sel ɗin kansa da dama. An daɗe ana ɗaukarta tarkace, sai daga baya aka nuna tana zama mataimakiya, tana ƙarfafa DNMT3A kamar yadda DNMT3L ke yi a sel ɗin haihuwa da na ɗan tayi. A sel ɗin kansa kuma ana samun guntayen sigogi irin su DNMT3B7 da suka yanke tun kafin sashen aikin. Saboda haka in kika rubuta a kundinki cewa DNMT3B ya ƙaru a ƙari, mai jarrabawar da ya san aikinsa zai tambaye ki wanne daga ciki, mai aiki ko marar aiki. Amsar tana wurin kamun antibodinki da kuma gwajin RT-PCR, mai auna saƙon RNA, da firaima masu rarrabe sigogin. Ki yi wannan gwajin tun yanzu, ba shi da wahala, kuma zai gaya miki layuka nawa ya kamata ki sa ran gani.

Yanzu ga yadda ake titsiye antibodi. Ki jera samfuri a jel ɗaya. Rami na farko, sel ɗin da aka san furotin ya cika su: ga DNMT3A2 da DNMT3B, sel ɗin NCCIT ko NTERA-2 sun dace, domin kansar ɗan tayi ce kuma suna haɗa su da yawa. Rami na biyu, sel ɗinki na yau da kullum. Rami na uku, sel ɗinki da aka cire wa ƙwayar gadon da CRISPR (dabarar yanke DNA), ko aƙalla aka rage saƙonta da siRNA (guntayen RNA masu kashe saƙo) iri biyu masu kama wurare mabambanta. Layin gaskiya zai ɓace ko ya dushe ƙwarai a rami na uku. Duk layin da ya tsaya cak kamar ba a yi komai ba, ba naki ba ne, ko da kuwa ya fi kowane layi kyau, ko da ya zauna daidai kan nauyin da aka rubuta. Ga DNMT3B kin yi sa'a, akwai HCT116 da aka cire wa shi tun 2002, masu bincike da yawa na riƙe da su kuma ana iya nema. Sai ki ƙara rami na huɗu don tarkon da na ambata: in DNMT3A kike gwadawa, ki sa sel marasa DNMT3B ki gani ko layin 100 ɗin zai ɓace. In ya ɓace, kin kama ta tana ɗebo wanda ba a aike ta ba.

A sel irin HCT116, DNMT1 ba a iya cire shi gaba ɗaya sel ya rayu, don haka siRNA ce hanyarki. Akwai kuma dabara mai sauƙi: ki sa wa sel ɗin desitabin, kamar maikuromola 1, na awa 24 zuwa 48. Maganin yana shiga cikin sabon DNA a madadin saitosin (harafin C na DNA, wanda ake ɗora wa metil), inzayim ya zo ɗora metil sai ya maƙale, sel kuma ya narkar da shi. Layin DNMT1 zai dushe a idonki. Wannan shaida ce mai kyau amma ba ta kai ta siRNA ba, domin maganin yana taɓa sauran inzayim ɗin ma kuma yana rage rarrabuwar sel. Wannan maganin dai shi ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006 don cutar ɓargo da ake kira MDS, bayan ɗan'uwansa azasaitidin a 2004.

Abin da wasu ke yi na haɗa antibodi da guntun furotin da aka yi ta da shi, layi ya ɓace su ce an tabbatar, ba ya gamsar da ni. Abin da ya nuna kawai shi ne antibodin tana kama guntun da aka yi ta dominsa. In tana kama wani furotin dabam mai irin wannan guntun, shi ma layinsa zai ɓace, ki yi murna a banza.

Wannan tsaurin ba ra'ayina ne ni kaɗai ba. A 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa, ƙarƙashin Mathias Uhlén na Suwidin, ya shimfiɗa hanyoyi biyar na tabbatar da antibodi: cire ƙwayar gado ko rage ta, kwatanta sakamakon da wata hanyar awo wadda ba ta dogara da antibodi ba, amfani da antibodi biyu masu wurin kamu daban, saka furotin mai ɗauke da alama, da kamo furotin a tantance shi da na'urar awon nauyin ƙwayoyi. Sun kuma jaddada cewa tabbaci na aiki guda ne, wadda ta ci jarrabawa a westan bulot ba lallai ta ci a rinin nama ba. A 2023 kuma shirin YCharOS da ke Kanada ya fitar da sakamakon gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, duk da sel ɗin da aka cire wa ƙwayar gado. Fiye da rabi sun faɗi a aƙalla aiki guda. Abin da ya fi ci mini rai a rahoton shi ne, ga kowane furotin, kimanin muƙala 12 aka samu da suka dogara da antibodin da ba ta ma gane furotin ɗin. Don haka yawan waɗanda suka ambaci antibodi a muƙalunsu ba hujja ba ce, sau da yawa kowa ya bi na gabansa ne. A wannan gwajin antibodi rikombinan, waɗanda aka san jerin ƙwayar gadonsu ake kuma haɗa su iri ɗaya kullum, sun fi monokulonal (masu wurin kamu ɗaya) da folikulonal (gauraye masu wuraren kamu da yawa) cin jarrabawa. In akwai zaɓi, ki fara da su. Folikulonal daga jinin dabba ake tace ta, in wannan rukunin ya ƙare na gaba daga wata dabbar zai fito, kuma aikin digiri yakan ɗauki lokacin da kwalba ɗaya ba ta isa.

Sau da yawa kuma ana ɗora wa antibodi laifin da na hannu ne. Waɗannan inzayim a cibiyar sel suke, kuma DNMT3A da DNMT3B manne suke ƙam-ƙam da nukiliyosom, wato ƙullin DNA da ya nannaɗe furotin histon, gishiri mai yawa ma da ƙyar yake ɓamɓaro su. In kika fasa sel da ruwan fasawa mai sanyin hali, kika juya a injin tacewa, kika ɗebi ruwan sama kika zubar da ɗan farin dunƙulen da ya kwanta a gindin bututun, to mafi yawan abin da kike nema kin zubar. Ki fasa da ruwa mai SDS. Za ki ga ya yi yauƙi yana bin bakin fifet kamar zare, DNA ne ya warware. Ki karya shi da injin girgiza na sauti ko ki sa inzayim mai narkar da DNA har ruwan ya saki, sannan ki tafasa. Ki sa magungunan hana narkewar furotin sabbi, ki yi komai a kan ƙanƙara. Jel ɗin ya zama mai sassauci, kashi 6 zuwa 8, ko mai hawa-hawa, ki bar shi ya yi tafiya sosai don 100 da 130 su rabu. Furotin mai nauyin 190 ba ya son fitowa daga jel, saboda haka ki mayar da shi daga jel zuwa takardar bulot cikin ruwa, ki rage metanol zuwa wajen kashi 10, ki ba shi lokaci a sanyi. Wajen daidaita yawan abin da kika zuba, furotin na cibiya irin su lamin B1 ko histon H3, ko rinin jimillar furotin, sun fi GAPDH, furotin da aka saba amfani da shi, dacewa.

Rinin naman da aka daskarar a kakin farafin ya fi westan bulot haɗari, domin a can babu nauyi da zai taimake ki, launin ruwan ƙasa kawai za ki gani. Fomalin yana ɗaure furotin ya ɓoye wurin kamu, sai an dafa yankan naman a ruwan sitiret mai pH 6 ko na EDTA mai pH 9 kafin ya buɗe, kuma wanda ya dace da wannan antibodi ba lallai ya dace da waccan ba. Ki ɗauki sel ɗinki masu furotin da marasa shi, ki dunƙule su, ki jiƙa a fomalin ki saka a kaki daidai yadda ake yi wa naman majiyyaci, ki yanka su tare a gilashi ɗaya. A naman hanji rini na gaskiya a cibiyar sel ya kamata ya zauna. In kika ga ya bazu a jikin sel ya bar cibiya fayau, ki yi shakka. A lafiyayyen hanji kina da ma'auni na kyauta: sel masu rarrabuwa suna gindin ƙananan ramukan bangon hanji, waɗanda suka gama girma suna sama, don haka DNMT1 ya kamata ya fi ƙarfi a ƙasa ya dushe yayin da ake hawa. Kuma lokacin da nama ya ɗauka kafin a jefa shi a fomalin, da tsawon zamansa a ciki, suna canza ƙarfin rini, saboda haka ƙari da lafiyayyen naman da za ki kwatanta su fito daga hannu ɗaya.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci a tambayarki, wanda ba ki tambaya kai tsaye ba. Kin ce kina so ki nuna inzayim sun yi yawa, kuma su ne ke rufe ƙwayoyin gado. Waɗannan magana biyu ce, kuma antibodi ta farkon kawai take iya amsawa. Ita ma ta farkon tana da ƙura. DNMT1 yana hawa ne lokacin da sel ke ninka DNA, yana sauka idan sel ya huta. Ƙari kuwa cike yake da sel masu rarrabuwa. Tun 1999 aka nuna a kansar hanji cewa in aka daidaita yawan saƙon waɗannan inzayim da alamomin rarrabuwar sel, ƙarin da ake gani yakan shuɗe, kuma yawansu bai tafi tare da yawan metil a tsibiran CpG ba, wato yankunan DNA masu yawan C da G a jere. Don haka ki rina Ki-67 ko PCNA, alamomin rarrabuwar sel, a yankan da ke maƙwabtaka, in ba haka ba abin da za ki gano shi ne kansa tana girma da sauri, wanda kowa ya sani.

Sannan yadda metil ke rikicewa a kansa bai yi kama da aikin inzayim da ya yi yawa kawai ba. Feinberg da Vogelstein a 1983 raguwar metil suka fara gani a kansa, ba ƙaruwa ba. Jimillar DNA tana asarar metil, a lokaci guda kuma wasu furomota, waɗanda a lafiyayyen sel fayau suke, suna cika da shi: RB1, CDKN2A, VHL, BRCA1, MGMT, da MLH1 wanda ya fi shafarki. Matsalar ta inda ake kai inzayim ce fiye da yawansa, kuma alamomin da ke kan histon suna da hannu wajen jagorantarsa. H3K36 da H3K4 wurare ne a jikin histon H3: DNMT3B yana bin H3K36 mai metil uku, DNMT3A yana bin mai metil biyu, dukansu kuma suna gudun wurin da H3K4 ke da metil. Misali mafi ƙarfi na cewa yawan inzayim ba shi ne aikinsa ba yana kansar jini ta AML. A 2010 Timothy Ley da abokan aikinsa suka sami canji a DNMT3A a kashi 22 cikin 100 na majiyyatan da suka duba, mafi yawa a amino asid na 882. Furotin mai wannan canjin yana nan da yawansa, da nauyinsa, a wurinsa, antibodi za ta ba ki layi tsaf, amma aikinsa ya raunana, yana kuma hana lafiyayyen ɗan'uwansa aiki. Karanta jerin DNA ne kaɗai ke nuna shi. Haka nan a wasu kansar ƙwaƙwalwa da ta jini metil yana taruwa ba don mai ɗorawa ya ƙaru ba, sai don canji a IDH1 ko IDH2 ya haifar da sinadarin da ke toshe inzayim ɗin TET masu fara aikin cirewa.

Saboda haka dole ki auna metil ɗin kansa a kan furomotar da kike zargi. Hanyar baisalfait, wadda Marianne Frommer da abokan aikinta suka bayyana a Ostareliya a 1992, ita ce ginshiƙi: saitosin marar metil yana juyewa ya zama yurasil, mai metil kuma ya tsaya yadda yake, sai ki karanta jerin. Ki sani dai ba ta rarrabe 5mC, wato saitosin mai metil, da 5hmC, wanda TET ke haɗawa daga gare shi. Ki zaɓi sel ɗin gwaji da lura. In MLH1 kike bi, HCT116 ba zai amfane ki ba, domin nasa lalacewa ya yi ta canjin jeri, ba metil ne ya rufe shi ba. RKO da SW48 su ne masu MLH1 da metil ya rufe. Hujjar da za ta tsaya da ƙafarta ita ce ki rage inzayim ɗin, ki nuna da antibodin da kika tabbatar cewa ya ragu, ki nuna da baisalfait cewa metil ya sauka a furomotar, sannan ki nuna saƙon ƙwayar gadon da furotin ɗinta sun dawo.

Wataƙila wani ya ba ki shawarar antibodin da ke kama 5mC kai tsaye, kamar sananniyar 33D3. Tana da amfani, amma sai an raba zaren DNA biyu da asid ko zafi kafin ta kai ga metil ɗin, domin a cikin murɗaɗɗen zaren ɓoye yake. Ɗigon DNA a kan takarda zai nuna miki babban canji kawai, ƙaramin bambanci sai na'urar awon nauyin ƙwayoyi. In kuma za ki kamo DNA mai metil da ita don karantawa, hanyar MeDIP da aka fito da ita a 2005, lallai ki yi gwajin kwatanci da antibodi marar manufa. Wani bincike na 2018 ya nuna antibodi irin IgG tana manne wa gajerun jerin DNA masu maimaituwa ko da babu metil a kansu, kuma wannan ya cika sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje da wuraren ƙarya.

Batun nuna cewa inzayim yana zaune a kan furomota da hanyar ChIP, wato kamo furotin tare da DNA ɗin da yake manne da shi, shawarata ki bar shi sai kin gama sauran. Waɗannan furotin ba sa zama a takamaiman jeri kamar masu kunna ƙwayar gado, bazuwa suke yi a faffaɗan yanki, DNMT1 kuma wucewa yake yi tare da injin ninka DNA. Alamar tana fitowa a raunane, kusa da hayaniyar bango. Wasu daga cikin taswirori mafi inganci da aka samu, kamar na Baubec da abokan aikinsa a 2015, da furotin mai ɗauke da alamar bayotin aka yi su, ba da antibodin inzayim ɗin ba. In dole ne, sel marasa furotin ɗin su shiga gwajin daga farko har ƙarshe.

A littafin aikinki da kundinki ki rubuta sunan kulon, lambar kaya, lambar rukuni, lambar RRID (lambar shaidar antibodin a rajistar kayan bincike), wurin kamu da yawan sirkin da kika yi, ki kuma ajiye hoton bulot ɗin cikakke, daga sama har ƙasa, ba yankakken layi ba. Game da layukanki uku, ki fara da siRNA biyu na DNMT3B tare da NCCIT a gefe, da RT-PCR na sigogin daga samfuri ɗaya. In layuka biyu suka dushe ɗaya ya tsaya, antibodin tana iya yi miki aikin westan bulot muddin kin san layin da za ki ƙyale, amma kada ki kai ta kan yankan nama, domin a can ba ki da hanyar ware wannan baƙon layi daga na gaskiya.